Kujerar Gaba a Motar Iliyasu

Tun da Tsahara ta haifi Iliyasu bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a Dogarawa macen kirki ba ta kiran ɗan farinta, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi Talatu, ƙanwar mijinta, ta ɗauke shi ta raina. Daga hannun Talatu lakwal, wato makarantar boko, ta karɓe shi zuwa Ƙonni, daga Ƙonni sai Yamai, daga nan gwamnati ta sa masa kaki ta tura shi tsaron namun daji a babban gandun nan na bakin Kwara, can bayan Sayi. In zancensa ya zama dole sai Tsahara ta ce "ɗan Talatu." Sauran 'ya'yanta ta zage su, ta rungume su son ranta. Shi kuwa wannan, da ta fi so duk a cikinsu, ko tsawon hancinsa a sace ta san shi.

Shekarar da aka buɗe sabuwar gadar Yamai, bayan an gama ɗaurin gero, Iliyasu ya zo konje, wato hutun aiki, da matarsa Asma'u a cikin wata Landiroba ta aro. Bai kwana biyu ba ya fito da abin da ya kawo shi. So yake ya ɗebi mutanen gida ya kai su su ga wurin aikinsa, su ga giwa da idonsu, tunda rani ya fara kuma hanyoyin gandun sun bushe.

Nan da nan gida ya rikice. A ƙarƙashin rumfa ya tsuguna da tsinke yana zana hanya a ƙasa: ga Ƙonni, ga Dogon Dutsi, ga Doso, a kwana Yamai, a haye gada, a bi ta Sayi har Tapowa, inda ƙofar gandun take. Ya ce ba a shiga da bindiga, ba a sa fararen kaya masu ɗaukar ido, ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka. Da sanyin safiya ake zuwa bakin tafki a kashe mota a yi shiru, ɓauna da gwanki su zo shan ruwa, in an yi sa'a giwaye su fito da 'ya'yansu. Talatu ta ce ita shiru ne ba ta iyawa. Ya ce ai ya sani, shi ya sa zai zaunar da ita can baya, nesa da taga.

Aka raba wuri. Bayan mota na Talatu ne da Asma'u da ƙanensa Badaru, sai bidon isansi, wato jarkar man mota, da na ruwa da tabarmi. "Ta gaba ko," in ji Iliyasu, yana share zanensa da tafin hannu, "na bar ta." Bai ce wa ya bar wa ba. Kowa ya sani, babu wanda ya ɗaga kai.

Tsahara tana bayan zana tana tankaɗe, ta ba su baya, amma ba kalmar da ta wuce kunnenta. Giwa ba ta dame ta ba. Da za a kawo mata giwa har ƙofar ɗaki, iyaka ta ce a kore ta kar ta taka mata tukwane. Kujerar nan ce ta hana ta sakat. Ta leƙa motar, ta ga yadda aka yi ta: mai tuƙi yana kallon hanya, na kusa da shi yana kallon hanya, ba mai kallon wani. Ashe akwai wuri a duniya inda uwa za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinta wuni guda, ta ji tarinsa, ta ga hannuwansa, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ga shi idonta na hagu ya fara yin yana, na dama ma ba shi da tabbas. Tana son tafiyar nan kamar ta yi kuka.

Abin kuma ba wuya gare shi ba, in da an bi shi ta hanyarsa. Iliyasu ya ce wa Talatu, "Inna, a gaya ma tsohuwa ta shirya," shi ke nan. Talatu ta zo ta yi mata tsawa, ita kuma ta yi ta ƙunƙuni, ta ce an matsa mata, a ja ta a tura cikin mota tana cewa ita ba don ranta ya so ba. Haka ake yi, kowa ya fita kunya. Amma yaron ya daɗe cikin buro, ofishin gwamnati, inda aka koya masa cewa ba a tilasta wa mutum, tambayarsa ake yi. Shi a ganinsa girmama ta yake yi.

Ya yi dako har rana ta take, gida ya yi tsit, mata sun tafi rijiya. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta. Tana ciki tana ɓarar gujiya.

"Iya," ya ce, "ba kowa gidan. Ni da ke ɗai na. Kujerag ga taki ta. In kina son zuwa, ki hwaɗa mani da bakinki."

Ta daina ɓara. Gaskiya ya faɗa, ba kowa, ko kaza ba ta motsi. Ta buɗe baki. Kalmar tana nan, 'yar ƙarama, "ina so," ta ji ta har a kan harshe. Amma harshen da ya shekara talatin da wani abu yana kauce wa yaron nan bai san hanyar zuwa wurinsa ba. Ta ga ashe ba idon mutane ne ke tsare ta ba, tsaron ya daɗe da komawa cikinta. Sai ta ji muryarta tana magana da ƙwaryar gujiya.

"Hanyag ga da nisa. Wa za ya ba awaki ruwa?"

"Awaki ba su rasa mai ba su ruwa, Iya."

Ta ci gaba da ɓara. Ya jira, ya jira, har inuwarsa ta matsa daga bakin ƙofa. Da ya tashi ta ji ƙarar gwiwarsa, ta ce a ranta, ashe shi ma ya fara manyanta.

Da la'asar ta ɗauki zanenta na baba, mai duhu, wanda ba zai firgita kowace dabba ba, ta wanke ta shanya a inda Talatu za ta gani. Da Talatu ta zo wucewa, Tsahara ta ce, kamar da igiyar shanya take, "An ce dai ba a sa hwari can." Talatu ba wawiya ba ce. Ta dubi zanen, ta dubi matar wanta, ta yi murmushi ta wuce. Tsahara ta ji sanyi a ranta, ta ce magana ta isa inda za ta.

Ta manta da wa take hulɗa. Talatu mutuniyar kirki ce, amma ba a taɓa ba ta abin dariya ta ajiye shi ya kwana ba. Washegari matan unguwa suka taru a tsakar gida ana dakan guzuri, ana tukuɗi da dakuwa, ana ƙulla ƙuli-ƙuli a tsumma. Iliyasu da Badaru suna bakin zaure suna ɗaure bido. A nan Talatu ta dafa taɓarya ta ɗaga murya.

"Ku ji, mata! Tsahara ta wanke zane! Wai za ta zamna gaba kusa ga ɗanta, su tai suna hira har Tapowa!"

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Wata ta ce, "Tsahara, ashe an girma!" Wata ta ce to ta faɗi sunansa mana a ji, tunda abin ya zo. Ba da mugunta suka yi ba, wasa ne irin na kullum. Amma Tsahara ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwar Badagishiri. Ta san yana jin su. Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta.

"Wallahi tallahi ƙahwata ba ta taka motag ga! Mi ag gamina da ɗan wani? Na wanke zanena don ya yi dauɗa!"

Shewa ta mutu. A bakin zaure igiyar da Iliyasu ke ja ta tsaya, sannan ta ci gaba. Talatu ta ce, "Ke, wasa nikai," amma ta makara.

Asma'u ce ta same ta a bayan rumbu daga baya, ta durƙusa ta yi ƙasa da murya. "Iya, rantsuwa ai tana da kahwara. Ki ciyar da mabukata, ga gero nan rumbu cike. Malam ma haka za ya ce. Ni in gaya mashi kin yarda?"

Tsahara ta san da kaffara, ba yau aka haife ta ba. Da rantsuwar ce kaɗai, da ta buɗe rumbu ta ciyar da rabin Dogarawa. Amma mata sun ji, kuma gobe duk za su fito rakiya. Ta ɗaga ƙafa ta hau motar nan a gabansu, bayan abin da ta faɗa? Ta dubi yarinyar, ta so ta riƙe hannunta ta ce, ki cece ni, ki sa ya yi mini tsawa, ki sa a ɗauke ni cak a jefa ciki. Abin da ya fito shi ne, "Tashi ki kwashe tukuɗin ga kar ya sha iska."

Ta wuni tana aiki kamar an sa ta. Ita ta soya naman da za su ci a hanya, ta zuba yaji daidai yadda ta ji Talatu na cewa yana so. Duk wanda ya wuce ta gabanta sai ta ji kamar shi ne aka aiko ya tilasta mata. Ba a aiko kowa ba. Iliyasu ya ji rantsuwa da kunnensa, kuma shi mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta.

Da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gida, unguwa duk ta fito. Talatu ta shige baya, yau ba ta da baki. Asma'u da Badaru suka bi ta. Iliyasu ya buɗe ƙofar gaba ya bar ta a buɗe, ya zagaya yana duba tayoyin da ya riga ya duba. Ya buɗe gaban mota ya rufe. Ya sake ɗaure igiyar da ba ta kwance ba. Tsahara tana cikin zaure, bayan mata, tana ganin kujerar ta tsakanin kafaɗunsu. Tsakaninta da ita bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ta ce wa ƙafarta tashi, ƙafar ta ƙi.

Sai ga Mamane maƙwabcinsu da buhun albasa a ka. Ya ce tunda ya ga akwai wuri, ko za a sauke masa wannan a Yamai wurin ɗansa? Iliyasu ya dubi zaure. Ba abin da ya motsa. Ya ce, "Aza shi nan gaba, Baba." Aka ɗora buhun a kujerar, aka gyara masa zama, aka rufe ƙofa.

Sannan ya zo sallama. Mata suka dare, ya tsuguna a gabanta, kansa a ƙasa. Ita ta juya fuska ga bango. Ya yi magana a hankali, ba fushi a muryarsa, kuma rashin fushin ne ya fi yi mata ciwo.

"Iya, ki gahwarce ni. Tun ina yaro ina cewa kunya ta, wata rana ta wuce. Jiya na gane na matsa maki. Ba ni ƙara takura ki da irin wagga magana. Ki yi muna addu'a."

Zuciyarta ta yi kuka, ta ce ba haka ba ne, ɗana, ba haka ba ne. Bakinta ya ce wa bango, "A sauka lahiya."

Motar ta tashi ta bi hanyar Ƙonni. Tsahara ba ta leƙa ba, don uwar ɗan fari ba ta leƙe. Da ƙarar ta ɓace matan suka juyo kanta, fuskokinsu cike da sha'awa. Tsohuwa Hawa'u, wadda ta fi kowa shekaru a unguwar, ta kama hannunta ta ɗaga.

"Ku duba nan, ɗiyan zamani! Ga mota, ga Yamai, ga giwa, ɗanta na roƙo, ko kallo nai ba ta yi ba. Wagga ita a kunya irin ta da. Tsahara, kin hid da mu, Allah shi yi maki albarka."

"Amin, amin!" in ji mata.

Suka tsaya suna jiran ta amsa. Tsahara ta gyara lulluɓi.

"Amin," ta ce. "Na gode."