Tattasan Iri a Tukunyar Iska

"Ƙyallen fa? Ke nake tambaya, ba ki ga ƙyallen ba? Ja wur, har guda uku!"

"Na ce maka ban lura ba, Baba."

"Ba ki lura ba. A gona aka haife ki ko a ofis?"

Malam Haruna na tsaye a tsakar gida, sabuwar ƙotar fartanya da ya sayo a kasuwa tana hannunsa, ya ma manta bai ajiye ba. A gindin katanga ga bokitan roba uku, kowanne da tushen tattasai ɗaya, kowanne da jan ƙyalle ɗaure a wuya. Da safe da zai fita, 'ya'ya goma sha ɗaya ya bari suna reto. Yanzu ganye ne zalla. 'Yarsa Bushira kuwa tana bakin ƙofar kicin, hannuwa dumu-dumu da fulawa da ƙwai, a bayanta tukunyar nan tata ta lantarki tana ta gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Mutumin nan fa shekararsa uku a unguwar, ba a taɓa jin muryarsa ta tsallake katanga ba. Ran nan har katanga biyu ta tsallake. Nan da nan matan maƙwabta kowacce ta tuna tana da shanya, har da wadda ba ta yi wanki ba. Kuma duk wadda ta kasa kunne ta lura bai ce "Uwata" ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, Bushira laƙabi ne, shi tun tana zanen goyo Uwata yake ce mata. Ran nan "ke" ta koma.

Bari a ja baya kaɗan saboda wanda bai san gidan ba. Mutanen wani ƙauye ne a gefen Gwaska, can cikin daji inda mota ke zuwa ta tsaya ta ce ita kam iyakarta ke nan. Babban ɗansu Naziru shi ne mai hannun tattasai. Shekara bakwai ya yi yana zaɓe: duk tushen da ya ga ya fi ƙiba da kaurin baya, sai ya yagi jan tsumma ya ɗaura masa. Wanda aka ɗaura wa ja, kowa a ƙauyen ya san ba na miya ba ne, ba na kasuwa ba ne. Na iri ne. Ba a taɓa shi sai ya nuna ya yi jawur a jikin uwarsa, sannan a tsinka a shanya a ɓare. Da haka Naziru ya fitar da wani tattasai mai nama, wanda zai kwana huɗu a buhu a bayan mota bai yi ruwa ba. Har daga Kusasu ake zuwa roƙon irinsa.

A cikin gonarsa ta tattasai 'yan bindiga suka same shi da hantsi, yana dashe, bai dawo gida da rai ba. Bayan kwana uku ƙauyen ya watse. Malam Haruna ya shigo Birnin Gwari da matarsa Saude da Bushira da tabarma biyu, da wani ƙullin leda a aljihu da ba ya barin kowa ya taɓa. Masu tsegumi suka yi ta cewa zinare ne. Irin tattasai ne.

Tun daga nan yake rayar da shi a bokiti, shekara bayan shekara, don kada ya ɓace. A kansu yake alwala don kada ruwan ya tafi a banza. Bara ɓeraye suka huda ledar da ya adana irin, ɗan abin da ya rage ya yafa, biyar suka fito, akuyar maƙwabta ta yi wa biyu aski. Saura uku, su ya ɗaura wa ja. Sai ga magana ta cika gari, wai an yi sulhu, wai hanya ta buɗe, wai wasu har sun koma. Wata rana ana cin tuwo Malam ya ce, in tattasan nan ya nuna nan da sati uku, zai bi ayarin mutanen ƙauyensu su koma tare, ya yafa irin kafin ruwa ya sauka. Sau ɗaya ya faɗa, ya ci gaba da cin tuwonsa. Tun ranar Bushira take ƙirga kwanakin cikin tsoro.

Ita Bushira Kaduna ta je ta yi wata shida tana koyon girke-girken zamani wajen wata mata, ta dawo da wannan tukunya da ake ce wa eya-firaya. Unguwa ta raɗa mata tukunyar iska, tunda an ce ba ta shan mai, iska mai zafi ce ke yin aikin. Tsofaffi dai har yau ba su yarda ba, sun ce suyar da ba a ji "cuuu" ba, ba suya ba ce. Aibinta ɗaya, sai da wuta. Kwana tara ba a kawo wuta ba, tana zaune kan kwali an lulluɓe ta da ɗankwali, sai ran nan, Malam na fita kasuwa, fanka ta motsa.

To a nan za a faɗi gaskiya, tunda ita ta ƙi faɗa. Bushira ta ga ƙyallen. Ita ce ma ta yago shi daga tsohon zanenta ta ba uban. Tattasai kuma ga shi nan tuli a bakin titi, da na suya kawai take so. Ta daɗe tsaye gaban bokitan da wuƙa a hannu. Tunaninta gajere ne: in babu iri, Baba ba shi da abin kaiwa gona. Kafin tushen ya sake fure, ya yi 'ya'ya, su nuna, damina ta yi nisa, ayari ya tafi, ita kuma ta sami uba na ƙarin shekara guda. Har bismilla ta yi, Allah ya yafe mana, ta tsinke su kore shar.

Aikin kuwa ta yi shi da kyau, wannan ba a ƙwace mata. Ta tsaga kowanne biyu a tsaye, ta sa ƙaramin cokali ta kwashe 'ya'yan cikin da farar jijiyar, ta ɗauraye ta watsa ruwan a makwarara. Ta murƙushe dafaffen dankalin turawa da cuku da albasa da ɗan gishiri, ta cika kowane ɓari dam. Ta birkita shi a fulawa, ta tsoma a kaɗaɗɗen ƙwai, ta birkita a garin busasshen burodi da ta daka a turmi ta tankaɗe. Sannan ta sake mayar da shi ƙwai, ta sake garin, don matar Kaduna ta ce sai an sa masa riga biyu yake yin ƙaras-ƙaras a baki. Ta ɗiga mai a yatsa ta shafa musu sama-sama, ta jera a kwandon tukunyar ba wanda ya hau wani. Minti goma sha biyu, a juya a tsakiya. Duk tana yi hawaye na zuba, ta ce albasa ce. Zubin farko ya fito ya yi ruwan zuma, na biyu na ciki Malam ya yi sallama.

"Ina 'ya'yan cikin?" in ji shi yanzu, muryar ta sauka.

"Na zubar."

"Ina?"

Ta nuna makwarara da haɓa.

Dattijon nan ya jingine ƙota, ya tattare riga, ya durƙusa a inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ya shiga tsintar su ɗaya-ɗaya daga cikin kumfa da guntun shinkafa yana tarawa a tafin hannu. Masu kunya cikin matan katanga a nan suka sauke kai. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matsa tsakanin farce biyu, ta fashe, fara fat, ba komai ciki sai ruwa. Ya ɗauki wata. Ya ɗauki wata.

"Ba su ƙosa ba," ya ce, ba da kowa yake ba. "Sati uku kawai suke nema."

Sai tukunya ta yi ƙararta ta gamawa, ƙamshi ya cika gidan. Kuma ƙamshin ya yi daɗi, abin da ya ƙara ɓata al'amarin ke nan.

Saude na zaune bakin ƙofar ɗaki da tiren wake a cinya. Naziru ɗan farinta ne, har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma mutuwa ba ta sauya mata hali ba.

"Malam, tashi daga cikin ƙazantar nan," ta ce. "Yaron nan da kansa ba zai so ya gan ka a haka ba."

Ya ɗago a hankali. "Ke kina ina aka yi?"

"Ina nan zaune."

"Barci ya ɗauke ki?"

"Idona biyu."

Ya daɗe yana kallonta. Ita kuwa wake take tsincewa, alhali tun ɗazu ba sauran tsakuwa a ciki.

"Au," ya ce. "Ashe shawara ce." Ya miƙe, gwiwa na ƙara, ya juya ga 'yar. "Dubi idona ki sake cewa ba ki lura ba."

Bushira ta buɗe baki ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Na gani, Baba. Na gani sarai. Yaya ma da safe ya fita da fartanya a kafaɗa, da azahar aka turo shi a baro. Ni na wanke rigarsa. Ruwa uku na sauya bai daina ja ba. Yanzu kai ma ka sayo ƙota! Sulhu, sulhu, wa ya ga sulhun? A rediyo yake."

"Ke za ki gaya mini yadda aka kawo shi? Ni na turo baron."

"To shi ya sa! Ni wa zan tura? Inna?"

"Shekara uku ina zaune a gidan mutane ina gadin bokiti," in ji shi, "ni da ake zuwa ƙofata neman dawa. Ba don ina jin daɗi ba. Yaron nan bai bar ɗa ba. Bai bar hoto ba. Kabarinsa ma ban sani ba ko ciyawa ta shafe. Abin da hannunsa ya bari ke nan a duniya, kin ɗauka kin tsoma a ƙwai."

"Ai ban tuge ba, Baba. Zai sake fure. In Allah ya kai mu baɗi..."

"Baɗi. Kin karɓo mini takardar baɗin ne?"

Ya watsar da abin da ke hannunsa ya shige ɗaki. Bushira ta jingina da bango. A ranta ta ce shi ke nan, ya yi fushin wata ɗaya, ya yi na biyu, ya daina amsa gaisuwarta ma, duk ta ɗauka, in dai tana jin tarinsa a gidan. Har ta juya ta zare kwandon tukunyar don kada na ciki su ƙone.

Tana juyowa ta gan shi ya fito da jakar buhu a kafaɗa, bargo ya leƙo ta baki, ya sa takalmin robar da yake shiga gona da shi.

"Malam, ina kuma?" in ji Saude. Tiren ya karkace, wake ya watse.

"Wajen Timothy."

Timothy ɗan Gbagyi ne, gonarsa da ta Naziru iyaka ɗaya, abokinsa ne tun suna ƙanana. Shekarar ƙarshe Naziru ya ɗebar masa irin cikin gwangwanin madara. Yana cikin waɗanda suka fara komawa wata biyu da suka wuce, kuma can waya ba ta shiga, tun tafiyarsa ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

"In yana da rai yana da iri," in ji Malam.

"In kuma babu shi fa?"

"Sai in gani da idona."

Bushira ta dire kwandon a ƙasa. "Ayarin fa, Baba? Kai ka ce sai nan da sati uku! Da mutane, da 'yan banga, a tafi tare!"

"Da ina da abin jira. Yanzu me zan jira? Akwai masu babur a tasha da ke shiga rabin hanya. Sauran ƙafata ta san shi."

A nan ne abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Shekara ta so ta ƙara, ga shi sati ukun ma da ke hannunta ta soye su, har da rakiyar da zai samu. Ta zube ta kama ƙasan rigarsa da hannu biyu, fulawa ta yi masa shaida fara a jikin shuɗin yadi.

"Don Allah, don Annabi, Baba. Ka dake ni. Ka fasa tukunyar, ga ta nan, wallahi ba zan yi kuka ba. Ka bari sai ayari. Ni zan je Kusasu da kaina in bi gida-gida, wani yana da shi."

"Na Kusasu sun haɗa shi da na kasuwa tuntuni. Sake ni."

"To ka bari a yi azahar. Ka ci abinci. Ko ruwa ba ka sha ba."

Ya dubi farantin da ke kan turmi, ɓari-ɓari a jere, kowanne ya soyu rumus, cukun ya ɗan tsattsafo ta gefe. Ya daɗe yana kallo, har Bushira ta ɗauka zai miƙa hannu.

"Ku ci," ya ce. "Ku miƙa wa na katanga ma, sun gaji da tsayuwa."

"Malam," in ji Saude. Ba ta tashi ba. "Ɗaya na bayar a dajin nan."

"Na sani."

"To?"

Ya sunkuya ya ɓamɓare yatsun Bushira daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba, ya gyara jakar a kafaɗa. Ta bi shi da rarrafe har bakin zaure tana kiran Baba, Baba. Ya fita bai waiwaya ba, ya jawo ƙyauren langa-langan ya buga shi garam.