Ciwon Aro

Ƙararrawa na bugawa, tsohon tela ya miƙe a gado, ya dafe cikinsa ta dama, ya shiga nishi. Nishi kuwa mai ban tausayi, alhali cikin nan lafiyarsa ƙalau. Aikinsa ke nan tun da ido ya hana shi zura zare a allura. Duk lokacin jarrabawar ɗaliban likita, makaranta kan kira shi ta ba shi ciwon aro ya haddace. Ɗalibi ya shigo, ya yi tambayoyi, ya latsa ciki, malama na gefe tana ba da maki, ƙararrawa ta buga, wani ya shigo. Doka ɗaya ce: abin da aka ba ka shi za ka faɗa wa kowa, ba ƙari ba ragi. Wanda ya kauce ba a sake kiransa.

Shi kuwa kiran nan yake jira kullum. Tun rasuwar matarsa, ɗakinsa daga shi sai keken ɗinki da ya lulluɓe da zane. 'Ya'ya sun yi nisa, sai gaisuwar waya a gurguje. A nan kaɗai ake tambayarsa yadda ya kwana, a nan kaɗai hannun mutum ke taɓa jikinsa. Har turare yake shafawa ranar jarrabawa, Allah sarki.

Yaran duk bakinsu ɗaya. Kowa ya shigo sai ya karkata kai ya ce, "Sannu Baba, na fahimci halin da kake ciki." Ai akwai maki a kan maganar, na nuna tausayi.

Da rana ta yi, wata siririyar yarinya mai tabarau ta shigo. Ya gane ta. Bara ta faɗi, kuma ya ji malamai na cewa in ta sake faɗuwa sai dai ta bar makaranta.

Ita ba ta karkata kai ba. Ta kama tsintsiyar hannunsa, ta daɗe tana ƙirga bugun jininsa. Sai ta gangara ƙarshen gado, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa. Da ta ɗaga, ramin da yatsan ya bari bai cike ba.

"Baba, tun yaushe ƙafafunka suka kumbura haka?"

Wannan ba ya cikin hadda. Amsar kuwa tana nan a bakinsa, ta daɗe tana neman mai tambaya: an kwana biyu ba ya iya barci sai a jingine, 'yar matakalar gidansu ma sai ya huta a tsakiya. Ya saci kallon malama, ya ga biro ya tsaya a hannunta. In ya amsa, lokacin yarinya zai ƙare a kan ƙafar da babu maki, shi kuma shi ke nan, ba kira.

"Likita, ciki na kawo miki. Ƙafa ai tsufa ne."

"Numfashi yakan sarƙe ka in ka kwanta?"

"Wayyo cikina! 'Yar nan, nan ne fa, ta dama!" Har hannunta ya jawo ya ɗora a wurin.

Ta latsa sama-sama, sannan ta tayar da shi zaune, ta ɗora abin sauraro a bayansa, ta rufe ido. Tana cikin sauraro ƙararrawa ta buga.

A bakin ƙofa ta juyo. "Baba, don Allah ka je a duba maka zuciya. Da gaske nake."

"Lokaci ya cika," in ji malama.

Da aka tafi hutu, tsoho ya yi ta maza ya ce, "Malama, yarinyar nan fa tana da hannu."

Malama ta cire tabarau ta murza ido. "Na gani, Baba, kai ma ka bi maganarta. Amma takardata ba ta da gurbin ƙafa. Ga shi ko sannu ba ta ce maka ba."

Ranar nan, da takalmi a hannu ya koma gida, don ƙafar ta ƙi shiga.

Bai je asibiti ba, sai da mai sharar makaranta ta haɗu da shi a hanya ta ce ai yarinyar nan mai tabarau ta faɗi, ta kwashe kayanta, wanta ne ma ya zo ya ɗauke ta. Washegari ya yi sammako ya bi layi, ba don komai ba sai don kada maganarta ta faɗi ƙasa.

Likitan da ya samu saurayi ne tsaf-tsaf. Tsoho ya gane shi, ya taɓa latsa cikin nan a jarrabawa, ya kuma ci da kyau. Idonsa na kan kwamfuta ya karkata kai.

"Sannu Baba, na fahimci halin da kake ciki. Me ke damunka?"

Tsoho ya dubi kumburarrun ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur, inda ba mai ganinsu. Kafin ya buɗe baki, hannunsa ya riga ya dafe ciki, ta dama.