Sunan Da Aka Ajiye

Mutanen Kudus, wani gari a tsibirin Jawa, sun ce Darmaji ba ya manta abin da kunnensa ya ji, shi ya sa matan unguwa ke sauya zance in ya tsaya shan shayi. Abokansa marubuta kuwa cewa suke yana da haƙuri, in dai ba a taɓa littafinsa ba.

Yau littafin ake taɓawa. Yana zaune a kan dandamali a ɗakin taro, fanka na kaɗa zafi, Pak Hendarto, wato Malam Hendarto, marubucin da aka gayyato ya yi sharhi, ya riƙe makirufo ya ƙi saki. Ya zaga kan talauci, ya zaga kan matan da ke naɗa taba a masana'antu, ya sauka kan nasa littattafan. Da ya zo kan jarumar labarin sai ya kira ta da wani suna daban.

"Kusumaningrum take, Pak," Darmaji ya gyara masa.

"To, ita dai wadda ta mutu wajen haihuwa. Wannan sunan naka ai sai mutum ya ci ya ƙoshi kafin ya ɗauke shi."

Aka kwashe da dariya. Da aka buɗe filin tambaya, wani ɗalibi ya so jin ko da safe yake rubutu. Wata ta tambaya ko za a raba takardar shaidar halarta. Darmaji ya matse kofin ruwansa, ya tabbata duk ɗakin babu wanda ya wuce bangon littafin.

Sai wata mata ta miƙe daga can baya, da rigar masana'anta a jikinta, taba ta rine yatsunta. Wartini ce, yayarsa. Tun fitowar littafin ba ta ɗaga wayarsa ba. Ranar Lahadi za a yi wa 'yarta Rahayu wankan cikin wata bakwai, kuma shi, kawun yarinyar, ba a aiko masa ba.

"Ni ban iya sharhi ba," in ji ta. "Tambaya ɗaya ce, Dik, ƙanena. Sunaye sun ƙare ne a Jawa?"

Darmaji ya san inda ta dosa. Kusumaningrum shi ne sunan da aka fara raɗa wa Rahayu. Jaririyar ta yi ta ciwo har dattawa suka ce sunan ya yi wa 'yar mai naɗa taba nauyi. Aka dama kunun shinkafa, ja da fari, aka raba wa maƙwabta, aka sauya mata suna, tsohon sunan kuwa babu wanda ya ƙara furta shi a gidan. Shi daɗinsa ya ji a kunne, ya ɗauko ya ba jarumarsa.

"Mbak, yayata, ƙagaggen labari ne. Ai ba ita..."

"Yawwa!" Pak Hendarto ya fizgi makirufo. "Irin camfin da adabi ke yaƙa ke nan."

"Ba da kai nake ba, Pak. Kai ko sunan ba ka iya riƙewa ba." Ta juyo ga ƙanenta. "Ni ma na san takarda ba ta kisa. Amma yarinyar ta karanta, don kawunta ne ya rubuta. Ta ga sunanta, ta ga ciki, ta ga makara. Ta daina cin abinci, kullum muna asibiti ana auna ta. Na zo in gaya maka a asirce, sai na tarar ana kiran sunan a lasifika, kai ne ma kake gyara wa mutane."

Mai gabatarwa ya duba agogo, ya ce lokacin sa hannu a littattafai ya yi. Ɗalibai suka fara jan kujeru suna neman layi. Wartini ta rataya jakarta ta nufi ƙofa.

Darmaji ya lalubi amsoshin da ya saba bayarwa a irin wannan taro, na 'yancin marubuci da gaskiyar rayuwa. Duk suna nan a bakinsa, a shirye. Ya karɓe makirufo daga hannun Pak Hendarto.

"Mbak, tsaya." Muryarsa ta cika ɗakin fiye da yadda ya so. "Ina wurin ranar da aka dama kunun nan, na sha kuma. Ki yafe mini. Ki kai ni wurin Rahayu in roƙe ta da bakina."