Karfasar Inna

Ni Jibrin, ɗan makiyaya ne gaba da baya, amma tun ina ƙarami saniya ba ta taɓa ganina da mutunci ba. In na je tatsa ta harbe ni, in na kora su gabas su yi yamma. Da aka zo garinmu Burumburum neman yaran da za a sa a boko, mahaifina bai ko yi shawara ba, ya nuna ni da sanda. Haka na ƙare ma'aikacin ruwa a Tiga, ina duba ma'aunin dam safe da yamma, ina sa riga mai aljihu biyu, ina jin kaina wani abu.

A wajen aikin na ji wani injiniya baƙo yana bayanin yadda ake kiwon karfasa a gida. Ya ce ka gina tanki ka zuba kifi, ruwan da suka ɓata da kashinsu ka tura shi cikin rabin duro da aka cika da tsakuwa, ka shuka ganye a ciki. Ganyen ya sha ƙazantar, ruwan ya tace ya komo wa kifin. Kowa a ofis ya ji ya manta, ni kaɗai abin ya shiga wa kai. Na gina tankin siminti a bayan ɗaki, na yanka duro-duro, na samo 'ya'yan karfasa a bakin dam, na haɗa ɗan famfon lantarki. Famfon bai yi wata ba ya ƙone. Daga nan ni na zama famfon, ina ɗibar ruwa da bokiti ina juyewa a kan tsakuwa kafin in tafi aiki da bayan na dawo.

Matata Laraba takan tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, ga dam can cike da kifi, tafiyar shan iska. Kai kuma ka kawo su gida kana yi musu bauta."

"Ba za ki gane ba," nake cewa. "Ilimi ne."

Alayyahu da latas dai sun yi kyau, har maƙwabta na leƙowa. Kifin ma suka fara ƙiba. Na cika ofis da baki, na ce duk wanda yake da haƙori ya shirya, ranar da zan kwashe su kowa zai ci har ya bari.

Amma abin da ya fi damuna a shekarar ba kifi ba ne, Inna ce, mahaifiyata. Cutar bushiya ta share mana garke a annobar da aka yi, mahaifina bai jima ba ya bi bayansu. Inna ta koma gidan ƙanenta, Kawu Balarabe. Duk zuwan da na yi, a wuri ɗaya nake samunta, zaune a kan turmi tana fuskantar inda ake ɗaure shanu da, ba komai a wurin sai turaku. Ta rame, ga tari. Na yi roƙo na yi magiya ta dawo wajena ta ƙi. Da ƙyar Kawu ya shawo kanta ta zo a duba tarin a asibiti, da sharaɗin ruwan farko na sauka zai zo ya ɗauke ta. Ni kuwa na san in ta koma kan turmin nan, ba za ta ga wata damina ba. So nake ta zauna, ban kuma san ta inda zan ɓullo mata ba.

Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, magana ma sai dai ta bi ta kan wani. "Wannan" take ce mini. Sannan ga babbar matsala: Inna ba ta cin kifi, ko ƙarninsa ba ta so. Ƙwaryar da kifi ya taɓa, ta gama aiki a wajenta. Kafin ta iso na sayo zana na kewaye tankin, na ce wa Laraba in ta tambaya a ce kayan gwamnati ne.

Ta zo da ƙunshin kayanta, ta ajiye a gefen gado, ba ta kwance shi ba. Zane ɗaya take zarowa ta mayar da ƙulli. Kullum sai ta fito ta dubi gabas ko akwai hadari. Tuwo loma biyu take yi, sai in miyar alayyahu ce take ƙarawa. Ni da Laraba mukan dubi juna, don mun san ruwan da alayyahun ya sha.

Wata ranar Asabar na makara, aka aiko daga ofis da sassafe, na fita ban ba kifin dusa ba. Da na dawo da hantsi sai na ga zanar a buɗe. Inna ce tsaye a bakin tanki, ta rufe hanci da gefen mayafi, su kuma kifin sun taso sama suna buɗe baki.

"Laraba," in ji ta, ba ta waiwayo ba, "tambayi wannan, waɗannan na waye?"

Na ce, "Nawa ne, Inna." Ƙaryar gwamnatin ta gudu ta bar ni.

"Ce masa, a gidan wa ya ga ana barin dabba da yunwa har rana ta take?"

Laraba ta miƙo mata ƙwaryar dusa. Ta watsa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hanci. Ruwan ya ɗauki motsi, ita kuma ta daɗe a tsaye tana kallo.

Daga ranar aikin ya bar hannuna, ban da ɗibar ruwa, wannan an bar mini. Da ta idar da sallar asuba sai ta nufi tanki tana kiran nan da take yi wa shanu, tana ƙwanƙwasa bakin simintin da ƙwarya. Wallahi suka koyi zuwa. Akwai wata babba mai haske a ciki, ta sa mata Fure, sunan saniyarta da ta mutu daga ƙarshe. Ta daina rufe hanci. Tana zama a wurin tana yi musu hira da Fillanci, wani lokaci faɗa, wani lokaci lallashi. Na taɓa jin ta tana gaya musu cewa mai gidan nan tun yana yaro ba shi da hannun kiwo, su yi haƙuri da shi. Ina riƙe da bokiti a bayanta. Tarin ya ragu, ta fara cinye tuwonta, amma ƙunshin yana nan a ɗaure.

Ranar da na sa wa mutanen ofis ta zo. Suka cika zaure, wani har da yajinsa a takarda. Na naɗe hannun riga na ɗauko raga, sai na tarar da Inna zaune a bakin tanki ta miƙe ƙafa.

"Laraba, an yi haihuwa ne a gidan nan?"

"A'a, Inna."

"Aure ake yi?"

"A'a."

"To wacce ce ba ta da lafiya a cikinsu?"

Laraba ta ce duk lafiyarsu ƙalau. Inna ta ce to ita ba ta taɓa ganin mai hankalin da zai shiga garkensa da wuƙa don kawai kwaɗayi ya taso masa ba. Na fara bayani cewa kifi daban, saniya daban, ta juya mini ƙeya. Baƙina suka ci tuwo da miyar alayyahu suka tashi. Tun daga ranar a ofis ake kirana Sarkin Ganye.

Ita karfasa kuma ba ta da aiki sai haihuwa. Tanki ya cika da 'ya'ya, girma ya tsaya. Na aika ta bakin Laraba cewa dole a rage. Amsa ta dawo cewa in garke ya yi yawa wuri ake ƙara masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na gina, ni na ɗebi ruwa har bayana ya riƙe, ni ake yi wa dariya, kuma ko ƙaya ɗaya ban tsotsa ba. Na ce a raina, gidan nan dai nawa ne.

An yi ruwan farko ranar Talata. Washegari Laraba ta raka Inna asibiti, ni kuma na ce kaina na ciwo na ƙi zuwa aiki. Suna fita na shiga da raga, na kwashe manyan duka, har da Fure, na zuba a babban daro da ruwa, na ja shi bayan rumbu, na aika a kira wata mata mai suyar kifi. Na ce kafin su dawo an gama, in ta tambaya in ce shirwa ce. Shirwar da za ta ɗauke kifi cikin daro guda, wannan ban tsaya tunaninta ba.

Mai suya ba ta zo ba, sai sallamar Kawu Balarabe na ji a ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, wandona jiƙe har gwiwa. Muna cikin tambayar mutanen gida su Inna suka shigo. Ta amsa gaisuwar ƙanenta, ta wuce tanki kamar kullum, ta ƙwanƙwasa, ta yi kira. Ƙananan suka taso. Ta sake kira. Ta jira.

Ta jawo turmin Laraba ta zauna tana fuskantar tankin, hannuwanta a kan cinya. Na san zaman nan, shi na baro a Burumburum. Can ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshinta ta ajiye a gaban Kawu.

Kunya da tsoro suka kama ni lokaci guda. Na ruga bayan rumbu na rungumo daron, wanda da ƙyar mutum biyu ke ɗagawa. Ƙasa ta jiƙe da ruwan jiya, na taho ina tangaɗi, ina isa bakin tanki santsi ya kwashe ni. Allah ya taimake ni daron ya kife cikin tankin, ni kuma na zauna daɓas a taɓo a gaban kawuna, hulata tana yawo a kan ruwa. Laraba ta shige ɗaki da gudu, ina jin dariyarta ta taga.

Inna ta tako a hankali ta tsallake ƙafata. Ta ƙwanƙwasa, ta yi kira. Aka ɗan jima, sai ga Fure ta taso tana buɗe baki a gefen hulata.

Kawu ya dubi sama ya ce, "Adda, mu kama hanya, hadari na haɗowa."

Ta watsa dusa, ta kakkaɓe hannu. "Ka gaida mutanen gida," in ji ta. "Ba zan bar dabbobi a hannun wannan ba."

Ta ɗauki ƙunshin ta koma ɗaki. Daga inda nake zaune na hango ta ta ƙofa tana kwance ƙullin, tana jera ƙorenta a gefen gado. An zage ni a duniya ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba, har sai da na goge ido da hannu mai taɓo.

Na gina tanki na biyu kafin kaka. Inna ta yi shekaru a gidana. Duk tsawonsu, in kwaɗayin kifi ya taso mini, bakin dam nake zuwa in saya in ɓuya bayan ofis in ci, in wanke baki da sabulu, sannan in dawo gida in ɗauki bokitina.