Ranar da Aka Zo Binne Kwarangwal

Ni Dokas ba na son a raina mini hankali, duk Bagadaza an san haka. To amma a shekarar da Fada, limamin Katolika, ya sauko da wani dogon akwati kamar na gawa daga jirgin ƙasa, har ni sai da gabana ya faɗi. 'Yata Edna, tana aji biyu a makarantar Katolika, ta dawo da murna wai an kawo musu kwarangwal, don sabon tsarin kimiyya ya ce su san ƙasusuwan jikin mutum. Ta ce na roba ne. Na ce ta rufe mini baki ta ɗauko tsintsiya.

Kafin sati ya zagayo, magana ta cika unguwa: 'yan mishan sun rataye gawar bawan Allah a aji, ba wanka ba sutura. Wasu har suna faɗin sunan mamacin, don ƙarya ba ta yi musu wuya.

Wanda abin ya fi dama shi ne malaminsu, Malam Ejiofor. Bai daɗe da dawowa Gombe bayan yaƙin basasa ba, ko tari aka yi da ƙarfi a ƙofarsa sai ya firgita. Ya fara ɗaure kayansa. Shi kaɗai ne malamin kimiyya, in ya tafi an rufe ajin ke nan, Edna kuma da take mafarkin aikin jinya sai dai ta zo mu soya ƙosai tare. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Ranar Litinin dattawan unguwa suka nufi makarantar, ɗaya riƙe da farin yadi na likkafani. Na sauke kasko na bi su, ina ta faɗa a hanya ba mai kula ni. Sun taho da Baba Bakari mai ɗori, wai shi ya san ƙashin mutum, abin da ya faɗa shi za a yi.

Fada ba ya nan. Malam Ejiofor ya buɗe baki, Hausar ta gudu ta bar shi. Sai na ga Edna ta miƙe daga benci, ta durƙusa ta gaishe su, ta roƙi izinin magana. Na ce a raina yau yarinyar nan za ta ja mini.

Ta kama hannun kwarangwal ɗin ba ko ɗar. Ta nuna musu wayar da aka ɗaure gaɓoɓin da ita, ta ƙwanƙwasa ƙoƙon kan ya yi ƙara kamar bokiti. Daga nan ta shiga bayani da Hausa tsaf, haƙarƙari, ƙugu, ƙwauri, da yadda ƙashi biyun nan na hannu suke hawa juna in mutum ya juya tafinsa.

Baba Bakari ya matso, ya sa ta sake juyawa. Ya kama nasa hannun yana lalubawa, ya dubi na robar, ya sake lalubawa. Tun yana saurayi yake ɗora ƙashin nan ta bayan fata, bai taɓa ganin yadda yake motsi ba. Idonsa ya kawo ruwa.

Ya juya ya ce wa mai likkafanin ya naɗe yadinsa, roba ba ta bukatar kabari, kuma kada wanda ya ƙara damun malamin yara. Sannan tsohon nan, da furfurarsa da komai, ya tattare riga ya zauna a kan bencin Edna, gwiwoyinsa har suna taɓa teburin.

Ya ce, "Malama, yi mini na kafaɗa. A hankali, kaina ya tsufa."

Wallahi kaina ya yi girma har na ji ɗankwalina ya matse ni. Na taɓa dattijon da ke kusa da ni, wanda ma ya san ni sarai, na ce masa, "Baba, 'yata ce fa."