Keken Jibir

Kofin shayin ne ya fara faɗuwa, sannan Polycarp ya bi shi ƙasa. Adaku ta tarar da mijinta a tsakar ɗaki, baki ya karkace, hannun dama ya saki kamar tsumma. Tun da ya bar aikin reluwe hawan jini ke cinsa, ga maganin ya ƙare, ga shagunan Kafanchan a garƙame saboda kashe-kashen da ake yi a ƙauyukan Zangon Kataf.

Ta fita tana kururuwa. Babu wanda ya buɗe ƙofa sai Jibir, Bafillatanin da ke haya a ɗakin baya, wanda ya koma tuƙin keke mai ƙafa uku bayan ɓarayi sun kore shanun gidansu.

"Mama Nonso, gari ba lafiya," ya ce wa Adaku. Ya leƙa ya ga tsohon. "Kama ƙafafunsa."

Ta zauna a kujerar baya ta keken, kan mijinta a cinyarta. Ba su yi nisa ba suka iske tayoyi na ci da wuta a tsakiyar titi, samari sun tare hanya da adduna da gorori. Ɗaya ya leƙo, ya ƙare wa fuskar Jibir kallo.

"Bafillatani ne! Ga ɗayansu!"

Suka fizgo shi ta wuyan riga. Gora ta sauka a ƙeyarsa, wani ya sare shi a kafaɗa, jini ya yi tsartuwa har gilashin keken. Jibir ya dunƙule a kwalta yana kare kai, suna tattaka shi. Wani ya taho da jarkar fetur.

Adaku ta kwantar da kan Polycarp a kujera, ta ratsa su, ta faɗa kan Jibir. Sanda ta same ta a haƙarƙari. Da ta ɗago ta gane mai jarkar: Azariya ne, mai kaɗa ganga a cocinsu.

"Azariya! Zuba mana tare. Zuba!"

"Mama, tashi. Jiya sun yanka uwata a gona."

"Wannan ne ya yanka ta? Duba cikin keke. Papa Nonso ne yana mutuwa. Duk layinmu wannan kaɗai ya fito ya taimake mu."

Azariya ya leƙa, ya daɗe yana kallon tsohon. Ya dire jarkar, ya shure taya guda gefe, ya juya musu baya.

Jibir ya rarrafa ya hau. Da hannu ɗaya ya tuƙa, jini na rufe masa ido, keken na tangaɗi. A ƙofar asibiti ya kashe injin, ya kife a kan sitiyari.

Sai a nan Adaku ta taɓa ƙirjin mijinta. Shiru. Ba ta san lokacin da ya tafi ba, ko tana kwance a kwalta ne, ko a hanya.

Wata nas ta turo gadon ɗaukar marasa lafiya da gudu, duk rigarta jinin wasu ne.

"Gado ɗaya ya rage, Mama. Wanne ne naki?"

Adaku ta shafa idanun Polycarp ta rufe su, ta gyara masa wuyan riga. Sannan ta sauko ta tallafi Jibir ta hammata.

"Wannan," ta ce. "Yi sauri, yana numfashi."