Shafin da Injiniya ya zana

A mako guda mutum ɗari huɗu suka buɗe shafin da Auta ta zana wa manhajar kamfaninsu, wadda ke tuna wa mutum lokacin shan magani. Uku ne kacal suka danna wurin yin rajista, biyu daga ciki ita ce da kanta. Manaja ya ce ta gano abin da ke korar mutane kafin Alhamis, in ba haka ba ya miƙa aikin ga wani, ita kuma ta koma buga takardu.

Ta kai shafin gida, tunda Baba na shan maganin hawan jini, Gwaggo kuma na suga. Baba ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, bai ko nemi tabarau ba, ya ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Gwaggo ta ce ita dama tun Auta na goye ta san yarinyar na da kai. Babu wanda ya danna komai.

Washegari da la'asar ta sake ajiye wayar a kan teburin falo, ta ce ai jiya kuskure ta yi, wannan ba nata ba ne. Mijin Yaya ne ya zana.

Mijin Yaya shi ne wanda ke kiran kansa Injiniya. Shekara uku ke nan da ya kwance fankar Baba zai gyara, har yau tana cikin kwali a bayan ƙofa.

Baba ya aika a ɗauko masa tabarau.

Ya fara da rubutun, ya ce ƙanana ne kamar an zubar da tururuwa, alhali masu shan magani yawancinsu ido ya tafi. Gwaggo ta matso ta tsaya kan hoton saurayin da ke riƙe da ƙwayoyi yana washe baki, ta ce wannan ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Hotunan kuma sai gudu suke, kafin ta karanta ɗaya wani ya ture shi. Auta na rubutawa a ƙarƙashin tebur.

"Kuma dubi rashin tarbiyya," in ji Baba. "Bai gaya mini abin da yake sayarwa ba, ya hau tambayata ranar haihuwa. Ko sallama babu."

Auta ta tambaya a hankali ko sun ga inda ake dannawa. Suka yi ta nema, Gwaggo har da juya wayar. Da aka nuna musu ɗan koren abin can ƙasa, Baba ya ce shi ya ɗauka datti ne a gilashi, har ya goge da hannun riga.

Ana cikin haka Injiniya ya yi sallama, ya zo ɗaukar Yaya. Baba ya miƙa masa wayar, ya tambaye shi ko da ido rufe ya yi wannan aikin.

Injiniya ya dubi shafin, ya dubi Auta. Bai taɓa jin an jingina masa aikin da ya kammalu ba a gidan nan. Ya gyara zama, ya ce koren da gangan ya ɓoye shi, haka ake yi yanzu. Baba ya ƙara masa aibu shida, duk Auta ta rubuta.

Ta ƙara girman rubutu, ta tsayar da hotuna, ta sallami saurayin, ta ɗauko wurin dannawa ta dasa a sama. Ranar Alhamis mutum sittin suka yi rajista. Manaja ya bar mata aikin, ya ƙara mata wani shafin, ya tambayi wane kamfani ya yi mata gwaji. Ta ce wasu ƙwararru ne guda biyu, ba sa son a ambace su.

Da ta gama sabon shafin ta kai gida, ta ajiye wayar a kan tebur.

"Baba, Injiniya ya sake yin wani."

Baba ya miƙa hannu wajen tabarau.